Ranar da Na Lulluɓa Wa Fure Bargo

Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya jawo mini wannan rigima. Da ya zo hutu a watan Yuli, kowa ya samu tsarabarsa: Inna turare, uwargida jaka, yara alawa. Ni kuwa babban wa, aka miƙo mini wata ƴar takarda da ƴan ƙwayoyi a ciki waɗanda ba su kai riɗi girma ba. Wai irin fure ne, sunansa salbiya. Ya ce, "Yaya, na san ka da son shuke-shuke." Gaskiyarsa, in dai za a ƙirga zogale biyun da ke bayan ɗaki, waɗanda su ma ba ni na dasa ba.

Na shiga kasuwa na sayo tukunyar fure jikka biyu da rabi, na cika ta da ƙasar gulbi da taki, na shuka. Ragowar irin na watsa shi cikin wata tsohuwar jarka da aka yanke. Damina ta yi musu kirki. Kafin Oktoba ta tukunya ta kai gwiwata, ta fid da zangarniya shuɗiya kamar an tsoma kan gero a marina. Ta jarka kuwa ta tsaya ƴar tsamurarra, har Inna ta ja ta gindin bedi inda take alwala, don ta daina tuntuɓe da ita.

Daga nan na zama malami. Kullum bayan isha'i ina kan waya ina karatu, da safe in juye wa duk wanda tsautsayi ya kawo. Har mai shayin unguwarmu ya haddace cewa salbiya ta kai kusan iri 1,000 a duniya, cewa tawa Salvia farinacea ce, asalinta Meziko da Tezas ta Amurka, kuma danginsu ɗaya da na'a-na'a. Alamar dangin, in ka murza karan tsakanin yatsu za ka ji shi da kusurwa huɗu. Wannan ilimi na kusurwa huɗu na fi alfahari da shi, kuma shi ya kai ni ya baro.

A ƙarshen Nuwamba na ci karo da bayanin da ya hana ni barci: yadda ake tsallakar da salbiya lokacin sanyi. Masu lambun Turai sun ce abu uku. A rufe gindinta don kada ƙanƙara ta kama saiwa. A rage ruwa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ta fi sanyin kansa ruɓar da ita. Kuma kada a yanke busassun karan, su ne garkuwarta, a bari sai sanyi ya wuce ta tofo daga gindi. Na ɗaga kai na ga hazo ya fara rufe Maraɗi, leɓena ya fara tsagewa, na ce to, ga sanyi nan ya iso.

Ban tsaya na tambayi kaina wane irin sanyi suke nufi ba. Can ruwa ne ke daskarewa a tukunya, awon zafi ya sauka ƙasa da sifili. Namu hunturun, ko ranar da ya fi tsanani, da asuba ne awon yake sauka wajen digiri 12 ko 13, kafin azahar mun tuɓe rigar sanyi muna neman inuwa. Amma wanda ya ga jaki a Maraɗi yana makyarkyata a watan Janairu ba zai yarda akwai sanyin da ya fi wannan ba.

Na fara da buhun shinkafa. Sai na ga bai isa ba, fure ɗan Turai. Na shiga ɗaki na ɗauko bargon uwargida, mai hoton damisa, wanda aka kawo ta da shi. Na lulluɓe tukunyar ruf, na ɗaure da igiya.

Ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu. "Malam, wa ya rasu?"

Na ce babu wanda ya rasu, ilimi ne. Ta ce to ilimin ya bar mata bargonta. Na yi mata alkawarin wata biyu kacal. Ruwa kuwa, da aka ce a rage, ni na ga ragi bai kai tsanaki ba, na hana gaba ɗaya. Na kafa wa yara doka: duk wanda na kama da buta kusa da wannan tukunya, ni da shi.

Haka muka yi Disamba da Janairu. Iskar hunturu, wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya, tana ta aikinta, ni ina ta zagaya damisa ina gyara igiya. Ana cikin haka akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye ta jarka, ta bar kututture bai kai ɗan yatsa ba. Na ce wa Inna ta ga abin da rashin kulawa ke jawowa. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Tsakiyar Fabrairu na kwance igiya a gaban iyali. Abin da na tarar, tsinken tsintsiya ya fi shi rai. Bargon kuwa da na ɗaga shi, gara ta bi ta ƙasa ta cinye damisa daga wutsiya har ciki, saura kai yana kallona. Uwargida ta ɗauki kan damisar ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba, shirun da ya fi zagi ciwo.

Duk da haka ban karaya ba, domin littafi ya ce haka take yi, sai ta yi kamar ta mutu. Aka ce a kankare bawon kara da farce, in an ga kore tana da rai. Na kankare har na ƙarar da karan, fari fat. Na ce to ran yana saiwa. Na sa waya ta fassara mini lokacin da take tofowa, ta ce bazara. Madalla. Na zauna jiran bazara kamar mai jiran biki, na manta cewa tasu bazarar ita ce lokacin da ƙanƙara ke narkewa ƙasa ta jiƙe, tamu kuwa ita ce wadda awo ke haura 40, ƙadangare ma ya riƙa ɗaga ƙafa a kan katanga.

Sai ga ikon Allah. Farkon Afrilu, wata safiya, na ga kore a tukunya. Cikin mako biyu ganye ya fito sosai. Na durƙusa na murza karan: kusurwa huɗu! Na shinshina, ƙamshi. Nan take na ɗauki hoto na tura wa ƙanena ta WhatsApp, na rubuta masa cewa ya gaya wa Turawansa an tsallakar da ita a Maraɗi. Mai shayi ya sha bayani har ruwansa ya ƙone.

Da yamma wani dattijo mai lambu daga Jiratawa, da ke kawo mana zogale, ya leƙo. Na ja shi har gaban tukunya. Ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci, ya dube ni.

"Ɗana, nawa ka ce ka kashe a kan wannan?"

Na ce ai ba a maganar kuɗi, daga Faransa aka kawo ta.

"Ikon Allah. Ashe ɗaɗɗoya ma ta fara zuwa Faransa."

Daga madafi uwargida ta amsa, ko leƙowa ba ta yi ba: "Baba, ni na watsa ta. Na ga tukunyar jikka biyu da rabi zaune ba aikin fari, na ce gara ta yi mana miya." Ita ke ba ta ruwa da sassafe kafin in tashi. Ɗaɗɗoya kuwa, na koma na duba daga baya, ƴar dangin na'a-na'a ce ita ma, kusurwa huɗun nan nata ne halak malak.

Dattijo yana dariya yana goge ido da bakin riga, Inna ta kira daga gindin bedi: "Kai, zo ka ɗauke wannan ciyawar taka, ta fara tare mini wurin buta." Muka je. Kututturen da akuya ta bari ya fid da tofi biyar daga gindi, kore shar, ɗaya har ya fara ɗaure kai zai yi shuɗi. Sau biyar a rana yana shan ruwan alwala, a inuwa, tun Oktoba.

Na sunkuya zan ɗauki jarkar in kai ta wurin da zan fi sa mata ido, dattijo ya riƙe mini hannu. "Don Allah bar ta nan, ɗana."

Hoton ɗaɗɗoya yana nan a wayar ƙanena, ya ma nuna wa abokansa, ban gyara masa ba tukuna. Bargo kuwa na sayo sabo ranar kasuwa. Ta buɗe, ta duba gaba da baya, ta ce wannan zaki ne, ita damisa aka kawo ta da ita.