Katangar tsiro tana kama ƙarfe, amma fa ba ta cinye shi

Jiya wani ya turo min bidiyo, wai an gano ciyawar da take "cinye gubar ƙarfe a ƙasa", ka shuka ta kawai shikenan ƙasa ta wanke tas. Na kalla har ƙarshe kuma gaskiya raina bai so ba, ba don komai ba sai don kalmar nan ta "cinyewa". Dalma ko kadmiyom, ƙarafa masu guba, ba abu bane da ake cinyewa ya ƙare, babu wani tsiro da zai mayar da dalma ta zama iska ko ruwa. Iyakacin abin da tsiro zai yi shine ya canja mata wurin zama, kuma masaukinta na farko shine abin nan da aka koya mana a aji a layi ɗaya aka wuce, wato katangar ƙwayar halitta.

Ni kaina haka na haddace: katanga ce mai tauri, tana ba tsiro siffa, an yi ta da selulos, a ba ka maki biyu ka tafi. Ina ganin laifin daga asali ne ma, don abin da masanin Ingila Robert Hooke ya leƙa a madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa a 1665 ɓawon bishiya ne matacce, ɗakuna ne babu kowa ciki, sai muka gaji tunanin cewa katangar busasshen gini ce. Alhali a saiwar da take girma katangar nan jiƙaƙƙiya ce, kullum ana kwance ta ana sake ɗaure ta, kuma duk ruwan da ya fito daga ƙasa sai ya ratsa ta kafin ya taɓa fatar ƙwayar.

Kayan gininta sukari ne da aka jera aka yi dogayen sarƙoƙi. Selulos shine igiyoyin, gulukos ne bayan gulukos, Anselme Payen ya ware shi a 1838. Hemiselulos na riƙe igiyoyin. Sai fektin da ya cike tsakani kamar danƙo, shi Henri Braconnot ya raɗa masa suna a 1825, kuma a maganar ƙarfe shine mai gayya mai aiki. Babban ɓangarensa sarƙa ce ta wani sukari mai asid, galakturonik asid, kowane ɗaya da hannu guda mai cajin nagetif. To amma lokacin da ƙwayar take ƙera fektin a cikinta, yawancin hannuwan nan a rufe take turo su, an sa musu hula ta wani ɗan guntun sinadari da ake kira metil. Sai sun iso katanga sannan wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, PME ake ce masa a taƙaice, ya bi yana cire hulunan, metanol ya fita, hannu ya buɗe.

Buɗaɗɗen hannu kuwa me yake nema? Duk wani mai cajin fozitif. A zaman lafiya kalsiyom ne ke zuwa, ya zauna tsakanin sarƙa biyu ya riƙe wannan ya riƙe waccan, jeri guda kamar ƙwai a kiret, shi ya sa tun 1973 masana suke kiran tsarin da sunan kiret ɗin ƙwai. In ka taɓa ɗiga ruwan kalsiyom a kan narkakken fektin mai ƙarancin metil a lab kaga abin da idonka, ruwa ne yana gudu, kafin ka ajiye abin ɗigawar ya daskare ya zama dunƙule mai santsi.

Matsalar itace hannun nan bai san aboki ba. Dalma, jan ƙarfe, kadmiyom, alminiyom duk cajinsu fozitif ne, kuma wasunsu kamar dalma da alminiyom sun fi kalsiyom ƙarfin riƙo, sai su ture shi su zauna a kujerarsa. Anan ne mutane ke yin tafi suna cewa kai, tsiro ya kama ɓarawo tun a ƙofar gida. Eh da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, ƙarfen da ya maƙale a katanga bai shiga ciki ya ɓata furotin ba, kuma an ga tsirrai da dama in sun sha dalma ko kadmiyom suna ƙara kaurin katanga, suna ƙara fektin mai buɗaɗɗen hannu. A wani gansakuka mai suna Funaria an ga tsinin zarensa ya yi kauri da irin fektin ɗin nan, dalmar na maƙale a ciki.

Amma ni abin da na gani da idona shine ya hana ni tafin. Muna ɗalibai an sa mu tsirar da alkama a kwalabe, ruwa iri ɗaya mai ɗan tsami, rabi aka zuba musu alminiyom ɗan mitsitsi wanda ko launin ruwan bai canja ba. Bayan kwana biyu na kwalaben da babu komai saiwa ta zubo fara sol, doguwa siririya har tana lanƙwasa a gindin kwalba. Na alminiyom kuwa gajeru, bakinsu ya kumbura kamar kan ashana, na ɗauko ɗaya da hantsaki ta karye min ƙas kamar ba ɗanyen abu ba. Muka tsoma su a rinin hematoksilin, tsinin ya koma shuɗi mai duhu, daidai inda ƙarfen ya taru. Ganyen a sama lafiya lau kore shar, wanda bai leƙa ƙasa ba zai rantse babu abin da ya samu shukar.

Bayanin kuwa saiwa tana tsawo ne in katangar ƙwayoyin bayan tsininta ta ɗan saki, ruwa ya tura daga ciki, ƙwayar ta miƙe. Alminiyom cajinsa uku ne, kalsiyom biyu, in ya ɗaure fektin ba ya saki da wasa, har hemiselulos ma yana kamawa, sai katanga ta ƙage, kuma cikin awa ɗaya ma ana iya auna cewa girman ya ragu a irin da ba ya jurewa. Kenan tarkon da ya kama ɓarawon shine ya ɗaure ƙafar mai gida. Kuma alminiyom ɗin nan ba daga masana'anta ya zo ba fa, shine ƙarfen da ya fi yawa a ɓawon duniya, yana kwance shiru a cikin yumɓu, ƙasa na yin tsami ta sauka ƙasa da 5 a ma'aunin tsami na pH sai ya narke ya fito.

Abin da ya fi burge ni, a shinkafa da masara an gano nau'o'in da suka fi jure alminiyom sau da yawa sune masu barin hulunan metil a kan fektinsu, wato hannuwa kaɗan suke buɗewa, ƙarfen bai samu wurin zama da yawa ba. Alkama mai juriya kuma nata salon daban, tana tofar da malik asid daga tsinin saiwa ya naɗe alminiyom tun a waje, an gano ƙwayar gadon da ke buɗe ƙofar da asid ɗin ke fita a 2004, ALMT1 ake ce mata. To kaga wanda ya ce "yawan kama ƙarfe shine juriya" ya faɗi rabin magana, wani lokacin ƙin kamawar ne juriya, ya danganta da wane ƙarfe da wane tsiro. Akwai sauran dabaru, kalos, wani sarƙar sukarin, da ake liƙawa da gaggawa har ya toshe ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi, da lignin mai taurara itace da subarin mai tare ruwa da ake shafawa kusa da tsini a rage shigowar kadmiyom, amma duk da farashinsu, abin da ya tare guba yana rage ruwa da abinci.

Kuma kujerun katanga ƙidayayyu ne, in sun cika sauran sai ya wuce. Kadmiyom ma wayo ne da shi, ƙofofin da aka yi wa manganis da zink da baƙin ƙarfe yake bi. Mutanen Toyama a Japan sun ga haka a jikinsu, ruwan kogin Jinzu ya kwaso kadmiyom daga ma'adinai, aka yi ta ban ruwan shinkafa da shi shekara da shekaru, shukar ba ta mutu ba, ta yi ƙwaya aka ci, ƙoda ta lalace ƙashi ya yi laushi yana karyewa, yawanci mata masu shekaru. Sunan cutar ma kukan masu ita ne, itai-itai, kamar ka ce wayyo wayyo, sai 1968 gwamnatinsu ta amince a hukumance cewa kadmiyom ne.

Kar wani ya ce na ƙaryata tsirran da ke zuƙe ƙarfe, akwai su. A tsibirin New Caledonia akwai bishiya, Pycnandra acuminata, da ƙaronta shuɗi-kore ne saboda nikel, kusan kashi 25 cikin 100 in ya bushe, an ba da labarinta a 1976. A 2001 masu bincike a Florida suka nuna wani tsiro mai suna Pteris vittata yana tara asenik a ganye. Amma lura, waɗannan gwanintarsu itace basa barin ƙarfen ya tsaya a katangar saiwa, sama suke aika shi ganye su ajiye, shi ya sa ake iya yankewa a kwashe. Mafi yawan tsirrai a saiwa suke riƙe dalma, ka yanke sama ka tafi ka bar ta a inda take, saiwar ta ruɓe, ƙwayoyin cuta su narkar da fektin, dalma ta koma ƙasa.

Haka ma masu tace ruwa da ɓawon lemo ko tuffa, ilimin gaskiya ne, fektin ɗin ɓawon ne ke kama ƙarfen da hannuwan nan dai. Amma zuba masa asid kaɗan ya sake shi, ƙone shi kuma selulos da fektin su tashi hayaƙi ƙarfen ya taru a toka, wani ma ya bi hayaƙin. Na tambayi wanda ya turo min bidiyon ina ake kai ciyawar bayan an yanke ta, ya ce min bidiyon bai faɗa ba, na koma na sake kallo daga farko, wallahi ko maganar yankan ma basu yi ba.