Ranar da kwaɗo ya yi atishawa

Tunda abokina Dogo ya sake ɗora hoton nan nawa na rigar kwaɗo a guruf ɗinmu jiya, har da naɗa wa kwaɗon rawani, to bari in ba da labarin da bakina kafin ya ba ku nasa mai gishiri.

Kun dai san yadda aka yi. Shekarar 2016 ce, muna aji biyu a Turkiyya, yaran ajinmu kowa zancensa aikin hutu a Amurka. Biza ce mai suna J-1: ɗalibin jami'a ya je ya yi aikin da bai wuce wata huɗu ba, in ya gama a bar masa kwana 30 ya ba idonsa abinci, sannan ya koma makaranta. Dogo ya shigo ɗakina da kalkuleta. Dala 8 da rabi a awa, awa 40 a mako, ga dala ta haura naira 300 a Wapa. Ya danna ya juyo mini da fuskarta, ya ce ko Baffa da ya tsufa a sakatariyar Audu Bako bai taɓa riƙe irin wannan a wata guda ba. Kalkuletar ba ta san kuɗin dillali ba, ba ta san tikitin jirgi ba, ba ta san dala 90 ta haya da ake zarewa duk mako tun kafin albashi ya iso hannunka ba, ga haraji. Haka kuma ba a gaya mata cewa duk ranar da hadari ya haɗu aka fara tsawa za a rufe ruwa a ce kowa ya tafi gida ba, kuma awar da ba ka yi ba babu mai biyanka.

Wisconsin Dells aka tura mu, wani ɗan gari da mutanensa ba su wuce 3,000 ba amma yana kiran kansa hedkwatar wasannin ruwa ta duniya. Mu huɗu a ɗaki, gado bisa gado: ni, Dogo, wani ɗan Bulgariya da wani ɗan Tailan wanda har muka rabu ban taɓa ganinsa a farke ba.

Asali aikin ceton masu ninkaya na cike. Ranar gwaji aka jefa bulon roba ƙasan ruwa aka ce in nutsa in ɗauko. Rabona da ruwa tun kududdufin bayan makarantarmu, shi ma iya gwiwa. Bulon dai wani ne ya ɗauko shi, ni ma wani ne ya ɗauko ni. Washegari shugabarmu, yarinya 'yar shekara 19 da ke kirana da sunana gatsal, ta auna tsayina da ido ta ce ta samo mini aikin da ya dace da ni.

Kwaɗo.

Rigar kwaɗo ce kore shar, tun daga wuya har ƙafa, tafin ƙafar kamar faifai, kan kuma ya kai girman tukunyar biki. Ta cikin bakinsa kake gani, ta wata 'yar raga. Dokoki uku ne: kwaɗo ba ya magana, kwaɗo ba ya cire kai a gaban yara, kwaɗo ba ya wuce minti 20 a rana sai a shigar da shi ya huta. Akwai ɗan rakiya da ke yin magana a madadinka, shi ke duba agogo, kuma in ka ɗora hannu a ka, alama ce ta a fitar da kai yanzu-yanzu. Ɗan rakiyata Dogo ne.

A gida na ce musu ina sashen hulɗa da jama'a. Ku faɗi tsakani da Allah, ƙarya na yi?

Ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kansu, ta faɗo a azumi na 29. Azumin can ba irin na Kano ba ne. Alfijir wajen 3:30, rana ba ta faɗuwa sai kusan 8:40 na dare, awa 17 cur. Filin ya cika maƙil, ko'ina jan fata da warin man shafawa na rana. 'Yar fankar da ke cikin kan kwaɗon ta mutu tun makon farko. Ɗan Bulgariya ne ya yi zagayen safe a ciki, mutumin da karin kumallonsa tafarnuwa ce da taba, sai aka fesa wa kan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙamshin lemon tsami aka miƙo mini shi da danshinsa.

Na yi minti 20. Na yi 30. Na ɗora hannu a ka. Dogo yana can gindin wata lema yana koya wa wata 'yar Romaniya yadda ake cewa "ina kwana". Na ɗora hannu biyu a ka, irin na wanda aka yi wa rasuwa. Yara suka ɗauka sabon wasa ne, su ma duk suka ɗora.

Ana cikin haka na ji ta.

"Ke Ummi, matsa kusa da shi mana a ɗauke ku. Kai, wannan abu da warin zufa yake."

Wata guda ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai Dogo, shi kuma Hausarsa duk ta neman bashi ce. Na juya bakin kwaɗon a hankali. Dattijuwa ce cikin atamfa da babban mayafi, da carbi a hannu, a tsakiyar mutanen da duk tufafin jikinsu ba za su ɗinka hula ɗaya ba. Gefenta ɗanta ne, da gani likita, da matarsa da yara uku. Daga Chicago suka zo, tafiyar awa uku da wani abu, an kawo jikoki su ga ruwa.

Na ce a raina, kai dai yi shiru, a ɗauki hoto su wuce. Na rungumo Ummi da hannu ɗaya, na ɗaga ɗayan. Likita ya saita waya. A daidai nan lemon tsamin nan ya gama hawa hancina.

Atishawa a cikin kan kwaɗo ba ta da wurin zuwa, kanka take dawowa. Kan ya yi gaba ya dawo. Ni kuma bakina, ba da shawarata ba, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Hajiya ko kallona ba ta yi ba, tana gyara wa ƙaramin hula, ta ce, "Yarhamukallah."

To a nan ne ya kamata a ce magana ta mutu. Da na yi shiru, da ta ɗauka kunnenta ne. Amma shekara shida na yi a Islamiyya gaban malamin da ke ajiye dorina a cikin ruwa don ta yi laushi. Kwaɗo ya buɗe baki ya ce, "Yahdikumullahu wa yuslihu balakum." Cikakkiya, har da ƙalƙala.

Carbin ya tsaya.

Ta juyo. Ta dubi idanun kwaɗon, waɗanda ke can sama ba kowa a cikinsu, sannan ta sauko da kallonta ta leƙa cikin bakin, daidai inda nake. Ta ce, "Innalillahi. Ɗan mutum ne a ciki. Kai yaro, ɗan ina ne?"

Kwaɗo ba ya magana. Na tuna da dokar a makare, na kama ta da hannu biyu.

"Bahaushe ne kai?"

Na gyaɗa kai.

"Katsina?" Na girgiza. "Zariya?" Na girgiza. "Kano?" Na gyaɗa.

"Cikin gari ko waje?"

Wannan ba ta amsuwa da ka. Sai ta bi su ɗaya-ɗaya, tana lissafawa da carbin: Fagge, Gwammaja, Yakasai, Mandawari, Ƙoƙi. Turawa sun fara taruwa. Abin da suke gani shi ne wata tsohuwa 'yar Afirka tana jero wasu kalmomi, ƙaton kwaɗo yana girgiza kai, sai suka ɗauka shiri ne na musamman don ranar biki. Wani tsoho mai jar hula har ya ajiye giyarsa ya fara ɗaukar bidiyo. Da ta ambaci unguwarmu na gyaɗa kai, sai suka tafa.

Sai a lokacin Dogo ya iso. Hajiya ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Yauwa, ga wani. Ɗan nan, wane ne a cikin abin nan?"

Ku saurara da kyau, don wannan ne ainihin abin da ya sa nake rubutun nan. Dogo, wanda aka haifa a Fagge, mai bille a kumatu, mai tabon salla a goshi kamar kwabo, ya dubi tsohuwar nan ya ce mata da Turanci wai ya yi nadama, ba ya jin yarenta, shi ɗan Jamaika ne.

Jamaika!

Mutumin da na biya wa lira 200 a Istanbul ranar da mai gida ya kulle masa ɗaki. Mutumin da ya sayar mini da keke dala 40 a garin nan, sai da na gangaro tudu na gane birkin ado ne. Mutumin da duk sahur sai ya ce cikinsa ba ya son abinci da asuba, sannan ya cinye rabin indomina yana cewa ɗanɗanawa yake. Yajin da Inna ta daka mini, wanda na tsallake da shi binciken filin jirgin Chicago bayan sun ƙwace kilishina, a aljihun Dogo ya ƙare, yana barbaɗa wa 'yan Romaniya a kan dankali yana cewa sirrin gidansu ne. Har yau in aka tayar da zancen sai ya ce wai aikinmu yake karewa. Wane aiki? Shi fa aikinsa duba agogo ne, kuma a lokacin na kai minti 50.

Hajiya dai ta ce, "Jamaika da bille. To Allah ya shirya." Ta dawo kaina. "Kai kuma ba a koya maka gaisuwa ba?"

Nan ne hankalina ya rabu biyu. Ta haifi babana. Ba yadda za a yi in tsaya mata ƙerere. Na durƙusa.

Kwaɗo ya tsuguna, wato ya zama kwaɗo sosai. Filin ya kaure da ihu. Yara wajen ashirin suka tsuguna a bayana suna kukan kwaɗi. Na sunkuyar da kai yadda ake yi, na manta cewa igiyar haɓar ta tsinke tun jiya, kuma wanda aka ba aikin ɗaure ta da salatif, kun san ko wane ne. Kan ya zame. Ya faɗi, ya gangara a hankali kamar mai neman wuri, ya bi ta tsakanin ƙafafun tsoho mai jar hula, ya faɗa cikin ƙoramar nan da ke zagaye filin, wadda mutane ke kwanciya a kan tayoyi tana tafiya da su. Ya bi layi abinsa, yana murmushi, ido a sama.

Ga ni tsugune, jiki na kwaɗo, kai na ɗan Kano, da hular raga irin ta masu tuya, zufa na zuba, leɓe ya bushe fari fat. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara, wai kwaɗon ya haɗiye mutum. Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi. Ni kan nawa ma ruwan sanyi ya samu, ya bar ni a rana.

Na ce, "Ina wuni, Hajiya. An sha ruwa lafiya?" Ƙarfe uku na rana.

Ba ta amsa ba. Ta kama haɓata ta juya fuskata gefe, kamar mai taya rago. Ta ce, "Wannan hancin na san shi. Kai ba jikan mai goro ba ne, na bakin masallaci?"

Tare suka yi Makka da kakata.

Likita, Allah ya saka masa, ya yi ta cewa, "Hajiya, ki bar shi, aiki yake." Ta ce ai ba ta ce komai ba, sana'a sa'a, kuma ya fi zaman banza. Ta tambaye ni ko ina azumi a cikin wannan masifar, na ce e, ta ce Allah ya ba da lada. Sannan ta ce wa Ummi ta matso a sake hoton tunda yanzu an ga fuska. Shi ne hoton da kuke gani. Kafin in sha ruwa ya isa Kano. Kafin Salla, ranar Laraba, Inna ta kira ta ce ita ba ta gane ba, hulɗa da jama'ar ce ta kai ga haka?

Ba a kore ni ba. Shugabarmu ta rubuta mini takardar gargaɗi, ta zare dala 35 kuɗin wanke kan da busar da shi, ta mayar da ni wurin soya dankali, inda aƙalla akwai fanka. In za a bi gaskiya tafiyar ba asara ba ce. Turancina ya saki, na koyi zuwa aiki kan lokaci, na ƙara da wankin kwanuka da dare a wani gidan abinci har na mayar wa Yaya kuɗinsa na sayi kwamfuta, na kuma je Niagara na ga ruwan da ya fi ƙarfin kowane bulo. Wani yaro ya tambaye ni kwanaki ko shi ma ya cike takardar tafiyar, na ce ya fara koyon ninkaya tukuna.

Da za su tafi ranar, Hajiya ta aiko Ummi da 'yar kula cike da dambun nama, ta ce in yi buɗa-baki. Na ɓoye ta a ƙarƙashin gado. Da na dawo daga wanka na tarar da ɗan Jamaika zaune a kan katifata, hannu dumu-dumu, yana ce mini wai gishirin ya ɗan yi yawa. Kular ma tana wurinsa har yanzu, mai murfi ja, na gan ta a kicin ɗinsu da bikin ƙanwarsa.