Flamingo Ba Gam Ba Ne Kawai

Idan aka ce wani furotin yana manne ƙwayoyin halittar jiki, sai mutane su ɗauka aikinsa bai wuce na gam ba: ya riƙe su kada su warwatse. Wannan fahimtar ta rage masa daraja sosai.

Ga Flamingo, wani furotin ɗan dangin kadarin (cadherin), wato furotin masu manne ƙwayoyin halitta, wanda masu bincike a Japan suka bayyana aikinsa a jikin ƙudan 'ya'yan itace a 1999. Yana ratsa fatar ƙwayar halitta sau 7, ya kama irinsa da ke kan maƙwabciya. Sai dai a gefe ɗaya na ƙwayar yana zama tare da wani furotin mai suna Frizzled, a ɗaya gefen kuma da wani mai suna Van Gogh. Ta haka kowace ƙwaya ke gane gabanta da bayanta, shi ya sa gashin fuffuken ƙuda duk yake kallon wuri guda. Idan aka lalata Flamingo, fuffuken ba ya wargajewa, gashin ne ke juyawa barkatai.

Mu ma 'yan Adam muna da irinsa guda uku: CELSR1, CELSR2 da CELSR3. Ɓerayen da Celsr1 ɗinsu ya lalace, ƙwayoyin ji na cikin kunnensu kan karkace, wasu kuma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ba ya rufuwa tun suna ciki.