Daga hannun wa aka karɓi bindigar?

Tun da aka yi gwanjon ƙananan bindigogi biyu na Napoleon, tsohon sarkin Faransa, a ƙasar a Yulin 2024 kan Yuro miliyan 1.69, gwamnatin ƙasar kuma ta hana a fitar da su waje, nake jin wasu 'yan bokonmu a Samaru na cewa wannan sha'anin masu kuɗin Turai ne, ba ruwanmu. Maganar nan tana ba ni haushi.

A kasuwar tsofaffin makamai labari ne ke ɗaga farashi. Bindiga biyu ƙira ɗaya, da an jingina guda ga wani janar sai kuɗinta ya ninka. Shi ya sa musu ba ya ƙarewa: dillali ya fito da wasiƙar jikan wani soja, masana su duba lambar masana'anta su ce ba ta yi daidai ba. Ko wayar tarhon da aka ce ta Hitler ce, wadda aka sayar a Amurka a 2017 kan dala 243,000, ba ta tsira daga wannan tababa ba.

To amma duk musun nasu a kan ko da gaske sojan ne ya ɗauko bindigar daga fagen fama. In hakan ta tabbata, shi ke nan, asali ya inganta. Ba mai tambayar daga hannun wa aka karɓe ta. Mu kuwa ganima muke kiran wannan. Turawa sun shigo Zariya a 1902, daga baya suka kai Sarki Kwasau Lokoja. A 1903 suka ci Kano da Sakkwato, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ana so mu yarda hafsoshin nan hannu rabbana suka koma Ingila? Ranar da takobi ko bindigar wani baraden Zazzau ta ɓulla a gwanjo, labarin jikan Bature kaɗai za a karanta, don mu ba mu rubuta namu ba.

Masu cewa yunwa ta fi wannan muhimmanci, ai Jamus ba ta jira yunwa ta ƙare ba kafin ta amince da mayar wa Najeriya kayan tarihin Masarautar Benin a 2022. Matsin lamba ne ya sa ta.

Ga barikin Chindit nan a garinmu Zariya, sunan rundunar da sojojin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a Boma a 1944. Lambobin yabon kakanninmu na ta tsatsa a akwatuna. Masarautar Zazzau da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su bi gidajen sarauta da na tsofaffin sojoji, su ɗauki hoton abin da ya rage, su rubuta sunan mai shi tun kafin dillalai su riga su.