Shin shugaban Amurka na iya sa a saurari wayar kowa?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar shugaban Amurka ya ambaci tsaron ƙasa, shi ke nan, jami'ansa na iya naɗar wayar kowa ba tare da sun je gaban alƙali ba. Doka ba ta ba shi wannan dama ba.

Gwamnatin Shugaba Nixon ta taɓa kafa wannan hujja. Ministan shari'arta, John Mitchell, ya sa hannu aka naɗi maganganun waya babu izinin kotu, ciki har da na wani da ake zargi da dasa bam a ofishin hukumar leƙen asiri ta CIA a jihar Michigan. A 1972 Kotun Ƙoli, alƙalai takwas baki ɗaya, ta ce a harkar tsaron cikin gida sai da izinin alƙali. Ba ta taɓa batun ƙasashen waje ba, majalisa ce ta cike giɓin a 1978 da dokar FISA kan leƙen asirin ƙasashen waje, ta kafa kotu ta musamman mai ba da izinin irin wannan sauraro.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001. Shugaba George W. Bush ya umarci NSA, hukumar leƙen asiri mai sauraron hanyoyin sadarwa, a asirce ta kauce wa kotun nan. Shekara huɗu jama'a ba su da labari, sai da jaridar New York Times ta tona asirin a Disamba 2005.