Don ba na cin bashi aka hana ni mota

Har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta huce ba. Wata uku na kwashe ina shirya tafiyar kwana biyu, wani yaro da bai kai sa'an autanmu ba ya rushe ta cikin minti goma, yana taunar cingam, kuma a gaban ɗana.

Duk wanda ke zaune a Duluth, can ƙuryar arewacin Minnesota a bakin tafkin Superior, ya san hunturu. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, iska ta taso daga tafki kamar ana yanka da reza. Abin da ke fitar da mutanen garin nan daga ɗaka a irin wannan lokaci shi ne hokin kan ƙanƙara. Ni ma da na zo karatu ban san shi ba, ɗan faifan robar da suke kora da sanda ma ba na iya ganinsa don gudu. Amma ina nan a 2011 lokacin da ƙungiyar jami'ar garin ta ci kofin ƙasa karo na farko, ina nan a 2018 da 2019 da ta ci sau biyu a jere. Wasan ya shiga jinina. Ɗana kuwa a nan aka haife shi, shekararsa goma sha ɗaya, ya haddace sunayen 'yan wasa da lambar rigar kowa. Shekara uku yana roƙona abu ɗaya: "Abba, ka kai ni mu ga ƙungiyarmu a Grand Forks." Filin wasan can, Ralph Engelstad, tun da aka buɗe shi a 2001 ake ba da labarinsa, yana cin mutum sama da dubu goma sha ɗaya, kuma zuwa can a matsayin baƙo abu ne da masoya wasan ke alfahari da shi.

Bana na ce sai mun je. A hokin jami'o'i wasa biyu ake yi a jere, daren Juma'a da daren Asabar, saboda haka dole kwana biyu. Na sayi tikiti huɗu tun watan Oktoba. Na kama ɗaki a otal a kan kuɗin da ya ninka na sauran ranaku, suka ce ko dai kwana biyu ko a bari, kuma ba a mayar da kuɗin daren farko. Na haɗiye. Na roƙi abokin aikina ya karɓar mini aikin Juma'a, ni kuma na yi masa Lahadi biyu. Na zauna da taswira na auna hanya: babbar hanya mai lamba 2, daga Duluth a bi ta Grand Rapids, Bemidji, Crookston, a tsallaka kogin Red a shiga Dakota ta Arewa. Kusan nisan Kano zuwa Abuja ke nan, tafiyar awa biyar in sama ta yi sauƙi. Na ƙudurta mu tsaya a Bemidji mu yi ƙasaru mu sha mai. Uwargida ta kwana tana soya kaji da cincin na guzuri, don ta san samun naman halal a wannan hanya ba tabbas.

Matsala ɗaya ita ce mota. Tawa ta tsufa, gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya cinye ƙarƙashinta, bakanike ya ce in ina son raina kada in wuce bayan gari da ita. Ban yi masa gardama ba, domin shekara huɗu da suka wuce ta taɓa mace mini a wannan hanyar cikin dare, na yi awa biyu ina jiran motar janwe, yatsun ƙafata har suka daina jin komai. Don haka na yi bukin motar haya ta intanet tun mako shida kafin ranar. Suka turo imel da lambar tabbatarwa. Na buga shi a takarda na ninke na sa a aljihu.

Ranar Juma'a ƙarfe tara muka shiga ofishinsu. Ɗana yana sanye da rigar ƙungiya a kan rigar sanyi, yana rungume da jakar guzuri. Na yi gaisuwa. Na bayan kanta bai ɗago ba, yana latsa waya. Na sake gaisuwa. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Lasisi da kati."

Na ba shi. Ya dubi lasisin, ya yi ƙoƙarin karanta sunana, ya karya shi gida uku, ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce ba zai ma wahalar da kansa ba. Na bar wannan ta wuce, ba yau aka fara ba. Sai ya juya katin ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙazanta.

"Wannan ai katin cire kuɗi ne. Ina katin bashi?"

Na ce, "Ɗan samari, ba ni da katin bashi. Da wannan na yi bukin, shafinku ya karɓa. Ga takardar."

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Shafi daban, nan daban."

Na ce to a gaya mini abin da ake bukata. Ya ce in dai da wannan katin ne sai an riƙe kuɗin jingina. Na ce a riƙe, akwai kuɗi a ciki, ya duba. Ya ce sai kuma na nuna tikitin jirgin sama na komawa. Na ce, "Komawa ina? A garin nan nake zaune, ga adireshina a lasisin da ke hannunka." Ya ce to sai takardar biyan kuɗin wuta da ta albashi. Na buɗe waya na nuna masa duka biyun. Ya ce ba a karɓar ta waya, sai ta takarda. Ga injin buga takarda nan a bayansa yana ta haske. Na ce in turo masa ya buga, zan biya. Ya ce injin na aikin ofis ne.

A nan na gane ba takarda yake nema ba. Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe wata. Layi ya fara tsawo a bayana, ina jin numfashin mutane. Na sassauta murya, don na san yadda ake fassara muryar baƙar fata in ta ɗaga a ƙasar nan. Na ce, "Don Allah ka taimaka, wasa za mu gani a Grand Forks, ƙarfe bakwai ake farawa, yaron nan shekara uku yana jira."

Sai a lokacin ya dube mu sosai. Ya dubi rigar yaron, ya dube ni, ya tsayar da taunar cingam ya ce, "Hoki? Ku? Daga ina kuke asali? Ai ban san irinku na kallon hoki ba."

Irinku. Wallahi da ni kaɗai ne da sauƙi. Amma na ga yaron nan ya sunkuyar da kai, ya ja zif ɗin jaket ɗinsa a hankali ya rufe rigar ƙungiyar da ya kwana yana gogewa. Yaron da aka haifa a asibitin da bai fi tafiyar minti goma daga kantar nan ba, wanda ya fara tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara tun yana shekara huɗu, shi ake tambaya me ya haɗa shi da wasan garinsu. Wane ne ya ba ka gadon ƙanƙara? Ubanka ne ya daskarar da tafkin? Tun kana firamare nake biyan haraji a jihar nan, da kuɗina ake kankare titin da ka biyo ka zo aiki.

Duk wannan a cikina na faɗa. A fili cewa na yi a kira mini manaja. Ya ce manaja sai Litinin. Na ce a ba ni lambarsa. Ya turo mini wani kati mai lambar da inji ke amsawa. Sannan ya leƙa ta kan kafaɗata ya ce, "Na gaba." Mutumin da ke bayana ya ajiye katin bashinsa, ba a tambaye shi takardar wuta ba, ba a tambaye shi asalinsa ba, kafin in gama tattara takarduna an miƙa masa makulli.

Na kira wasu kamfanoni biyu daga cikin mota. Ɗaya ba mota, ɗayan maganarsu ɗaya da na farko. Gaba kura, baya siyaki: in tafi da tsohuwar motata in jefa yaro cikin haɗari a dajin da ake tafiya mai nisa ba a ga gida ba, ko in koma. Na koma.

Laifina kawai shi ne ba na cin bashi. Na ƙi karɓar katin bashi saboda addinina ya hana ni mu'amala da riba, kuma ko ba don addini ba, ruwan da ake ɗorawa a kan katunan nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan. A inda na tashi, mutumin da ba a binsa ko sisi shi ake ba amana. A nan wanda bai taɓa ranta ba shi ne abin zargi. Ba ka da tarihin bashi, saboda haka ba ka da mutunci. Haka suka yi mini lokacin neman gidan haya, haka a wurin inshora, haka a wurin sayen waya. Kuɗinka na gumi suna kwance a banki, amma an fi yarda da wanda ke iyo cikin bashi. Kuma kamfanin da ya turo maka takardar tabbatarwa sai ya ƙi cika alkawarinsa a kanta. In kai ne ka saɓa, a caje ka. In su ne, ka je ka yi magana da inji.

Amma ba kamfanin kaɗai nake jin haushi ba. Me ya kai ni gaban kantar tun farko? Rashin wata hanya. A tashar mota ta gida, duk da 'yan kamasho da cunkoso da lalacewar titi, in ka fito da kuɗinka da safe za ka sami motar da za ta kai ka gari mai nisan awa biyar, ba wanda zai tambaye ka ko ka taɓa cin bashi. A nan, ƙasar da ta fi kowace arziki, jirgin ƙasa na fasinja ya daina zuwa Duluth tun 1985. Shekara arba'in ke nan. Tashar tana nan, an mayar da ita gidan tarihi, ana kai yara su kalli tsofaffin jirage. A 2023 majalisar jiha ta ware kusan dala miliyan 195 don maido da jirgi tsakanin Minneapolis da Duluth, muka yi murna, har yau ko ƙarar jiniyarsa ba mu ji ba, sai taro da rahoto da jayayya. Jirgin da ke bi ta Grand Forks kuwa sau ɗaya ne a rana, sai ka fara gangarawa St. Paul ka hau shi cikin dare, ya sauke ka kafin asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe. Tun dokar manyan hanyoyi ta 1956 gwamnatocin ƙasar nan suka yanke cewa ɗan adam shi ne mai mota. Tsoho, ɗalibi, talaka, baƙo, mai tsohuwar akwala irina, kowa ya san ta kansa.

Su ma masu tsara wasan ba su bar mu ba. Kafin 2013 ƙungiyarmu tana rukuni ɗaya da maƙwabta, ana zuwa Minneapolis, Bemidji, Mankato, Madison, Houghton, mafi yawansu tafiyar yini ɗaya. Aka wargaza rukunin saboda kuɗi da talabijin. Yanzu wasan waje sai Denver, Omaha, Kalamazoo, Oxford ta Ohio, daga 2024 har da Tempe can Arizona. Wane mai albashi ne zai bi wannan da iyali? Cikin rukunin, lokacin da na shirya tafiyar nan, St. Cloud da Grand Forks ne kawai talaka ke iya kaiwa a ƙasa ba tare da ya kwana a hanya ba, su ne aka bar mana, su ma ga yadda ta kaya. Otal su ninka kuɗi don sun san ba ka da zaɓi, masu sayar da tikitin bayan fage su ninka nasu, in ka haƙura ka ce a gida za ka kalla, nan ma sai ka biya kuɗin wata-wata. Kowa ya miƙo hannu aljihunka, ba wanda hukuma ta ce masa kul.

Kuma mutanen da ke cikin layin nan sun ji komai. Mutum bakwai ko takwas, wasu da hular ƙungiyar da yarona ke sanye da rigarta. Ba wanda ya ce uffan. Kowa ya dubi wayarsa. Su ne a filin wasa za su tafa hannu da kai in an ci, su kira ka ɗan gari. Da na faɗa wa 'yan'uwanmu a masallaci kuma, abin da na samu shi ne "Malam, sai haƙuri, ƙasar mutane ce." Ƙasar mutane har yaushe? Ni na yarda baƙo ne, shi yaron fa, ina ce tasa?

Otal sun riƙe kuɗin daren farko. Tikiti biyu na samu na sayar a kan rabin kuɗi, biyu suka mutu a hannuna. Na rubuta ƙorafi, inji ya amsa cewa za a tuntuɓe ni cikin kwana goma na aiki, yau kwana goma sha shida. Daren Juma'ar nan a falo muka kalli wasan, da kajin guzuri a faranti ba wanda ya taɓa. Ana cikin zango na biyu yaron ya tashi ya shiga ɗaki. Da na leƙa daga baya, rigar tana ninke a ƙasan durowa, kuma tun ranar bai sake ɗauko ta ba.