Taɓin yatsanka a kan waya yana da ƙara, kuma makirfon yana ji

Jama'a, idan manhaja ta nemi izinin makirfon, abin da yawancinmu ke gudu shi ne a saurari hirarmu. Sai mutum ya ce ai shi ba ya faɗin sirri a baki, ya danna amincewa. To, ba magana kaɗai makirfon ke ɗauka ba.

Duk sanda yatsa ya taɓa gilashin waya akwai 'yar ƙara da ke fita. Wayoyi da yawa makirfon biyu gare su, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙarar kuwa takan riga isa ɗaya kafin ɗayan. Wannan 'yar tazarar ita ke nuna inda aka danna. A 2019 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ciki har da marigayi Farfesa Ross Anderson, sun gwada haka da mutum 45. A kan tabulet ta Android sun gano kashi 61 cikin 100 na lambobin sirri 200, cikin cinke 20 ga kowace lamba. Ba kyamara, ba leƙe, sauti kawai.

Na san wani zai ce ai banki na rufe asusu idan an kuskure lambar 'yan lokuta. Gaskiya ne, amma hankalina bai kwanta ba, don mutane nawa ne lambar buɗe wayarsu ita ce ta katin ATM, ita ce ta tura kuɗi? Tun a 2014 ma masu bincike na Jami'ar Stanford suka nuna cewa na'urar da ke gane juyawar waya tana iya tsintar girgizar murya, alhali a lokacin ba a neman izini kafin a karanta ta.

Don Allah ka duba jerin izini a wayarka yau. Tocila ko wasan yara ba su da hulɗa da makirfon, ka ƙwace. Daga Android 12 koren ɗigo na bayyana a saman allo idan makirfon na aiki, a iPhone kuma ruwan lemo ne. In ka gan shi kana cikin saka lambar banki, dakata.

Su kuma bankuna, me zai hana kowace manhajarsu ta riƙa cakuɗa wuraren lambobi duk lokacin da za a shigar da su? Idan 5 ba ta da mazauni ɗaya, sanin inda yatsa ya sauka ba zai amfani ɓarawo ba.